Kwazazzabon da ya mayar da ma'aikacin rigakafi gida: nazarin lamari daga duwatsun Doguwa

## Asalin lamarin

Mutumin da wannan nazari ya shafa ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, mai shekara 44, haifaffen yankin Kura, inda ƙasa take shimfiɗe kamar tabarma. Tudun da ya saba hawa a rayuwarsa bai wuce kunyar gona da bakin kanal ba. A watan Fabrairu aka yi masa canjin wurin aiki zuwa wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi a ƙaramar hukumar Doguwa. Nauyinsa a lokacin kilo 86, tsayinsa mita 1.70. Ba ya da hawan jini, ba ya da ciwon sukari, ba ya shan taba. Shekara 18 ya yi yana aiki tsakanin kujerar asibiti da sirdin babur.

Doguwa tana can ƙarshen kudancin jihar Kano, ta yi iyaka da Kaduna da Bauchi, hedikwatarta kuma Riruwai ce, garin da aka sani da haƙar kuza tun zamanin Turawa. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Kano zuwa Jos ta Tudun Wada ya ratsa dajin Falgore ya ga yadda ƙasa take sauya kama a wannan ɓangare: itatuwa su yi kauri, duwatsu su miƙe, ƙoramu su yi zurfi.

Cikin unguwannin da ke ƙarƙashin asibitin akwai wata mai gidaje wajen 30, Hausawa manoma da rugagen Fulani biyu, tana gabas da asibitin, a ƙetaren wani kwazazzabo. Akwai hanyar babur, amma zagaye ce ta awa huɗu, da damina kuma ba ta biyuwa. Mutanen unguwar da ƙafa suke ratsa kwazazzabon in za su kasuwa. Aikin da ke gaban ma'aikacin shi ne ya riƙa kai musu rigakafin yara sau ɗaya a wata. Zuwa ɗaya ba ya wadatarwa, domin allurar da ake kira penta, mai kare yara daga cututtuka biyar, sau uku ake yin ta, a sati 6 da 10 da 14 na haihuwa, ta ƙyanda kuma a wata 9. Ma'aikatan lafiya na Kano sun san abin da tsallake unguwa ɗaya yake haifarwa. Yaron ƙarshe da ƙwayar shan inna ta asali ta kama a jihar, a Sumaila ne cikin Yulin 2014, kuma sai a Agustan 2020 aka tabbatar nahiyar Afirka ta rabu da ita, bayan shekaru ana bin rugage da tungaye ɗaya bayan ɗaya.

## Yadda hanyar take

Manhajar wayarsa ta auna kilomita 7 daga asibiti zuwa unguwar. Kilomita 2 na farko gonaki ne da inuwar ɗorawa da kaɗanya. Daga nan sai gangara ta mita 220 cikin kilomita ɗaya da rabi, rabinta a kan falalen dutse, rabinta tsakuwa ce mai murginawa ƙarƙashin ƙafa. A ƙasa ana bin ƙorama na kilomita ɗaya, a tsallaka ta sau uku, tsakanin bango biyu da a wani wurin tazararsu ba ta kai taku 20 ba. Sai hawan mita 260 a ɗaya gefen, shi ma kilomita ɗaya da rabi, akwai wata tsamiya a tsakiyarsa, da wata matsattsiyar gaɓa da sai an sa hannu ake wucewa. Kilomita na ƙarshe fili ne. Kwazazzabon ya miƙe ne daga kudu zuwa arewa. Sabis na waya yana ɗaukewa da zarar an fara gangara, ba ya dawowa sai an fito.

Akwai wani tsohon lissafi na masu hawan duwatsu, wanda wani ɗan Sikotlan, William Naismith, ya kawo a 1892: awa ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowane hawan mita 600. Da wannan lissafi, zuwa unguwar bai kamata ya kai awa biyu ba. Ma'aikacin bai san da Naismith ba, amma nasa lissafin kusan haka ya ba shi, ya ce ai kilomita 7 tafiyar gona ce.

## Afrilu: yunƙuri na farko

Ya bar asibiti da ƙarfe 9:40 na safe, saboda ya jira an kawo ƙanƙara. Shi kaɗai ne, mai unguwa ya kwatanta masa hanya da baki. Takalminsa sau-ciki na fata, na zuwa ofis. Akwatin rigakafi a kafaɗa ɗaya, jakar rajista da sirinji da kwalin zuba allurai a ɗaya, jimilla kilo 13. Ruwan leda huɗu, wato lita 2. Karin kumallonsa shayi da burodi.

Gangarar ta yi masa daɗi, cikin minti 45 ya sauka, har da ɗan gudu-gudu a wuraren da tsakuwa ta ja shi. Ya isa ƙasa wajen 11:10. A rubutun da ya yi daga baya ya ce abin da ya fara ba shi mamaki shi ne rashin iska: ko ganye ba ya motsi, dutse yana huci ta hagu da dama kamar bakin tanderu. A Afrilu zafin Kano yakan kai digiri 40 a fili, balle a rami tsakanin duwatsun da suka sha rana tun hantsi. Ƙoramar ta ƙafe, sai 'yan kududdufai masu gansakuka. Kafin ya fara hawa ya shanye leda uku.

Da 12:30 ya kai tsamiyar nan, a nan ƙafa ta ƙi. Jiri, tashin zuciya, ciwon kai, zuciya tana bugawa kamar ganga. Ya zauna ya ƙirga bugun jininsa, 128 a minti ɗaya bayan hutun minti biyar. Na'urar auna zafin jiki tana jakarsa, ta nuna 38.9. Hankalinsa bai gushe ba, kuma gumi bai tsaya ba. Ma'aikacin lafiya ne, ya san abin da yake gani: galabaitar zafi ce, matakin da ke gaban bugun zafi, wanda shi jiki yake haura 40, mutum ya fara sambatu, kuma yana kisa.

Wani yaro makiyayi da ke saukowa da awaki ne ya tarar da shi. Ya ba shi ruwan gorarsa, ya jiƙa masa riga, ya zauna da shi. Suna nan har la'asar. Daga tsamiyar zuwa unguwar bai kai kilomita 2 ba, amma ƙanƙarar akwatin ta narke, shi kuma ba ya da tabbacin wurin kwana, sai ya juya. Yaron ya ɗaukar masa akwatin har bakin kwazazzabo. Ya shiga gida bayan isha'i da bororo huɗu a ƙafa da farcen babban yatsa ya yi baƙi. Ba a yi wa yaro ko ɗaya rigakafi ba.

Abin da ya rubuta a littafinsa a matsayin dalili kalma biyu ce: ƙarancin ruwa.

## Mayu: gyaran da ya jawo sabuwar matsala

Sati biyar bayan nan ya sake ɗaura ɗamara. Ya tashi da 8:00. Ya sayi kambas. Ya cika jarka da ruwa lita 5, kayansa suka kai kilo 17. Don gudun ciwon jiki ya haɗiyi diclofenac kafin ya fita, ya sha gwangwanin lemon ƙara kuzari. Abinci kuwa bai ɗauka ba, a ganinsa ciki da nauyi ba ya hawan dutse.

Ya isa unguwar da 12:15, awa huɗu da kwata. Ardo ya tara mata a ƙarƙashin wani marke, aka yi wa yara 11 rigakafi. An kawo masa fura da nono, ya kurɓa kaɗan ya ajiye saboda zuciyarsa tana tashi. Ya sake cika jarkarsa, ya kamo hanya da 2:00 na rana, duk da Ardo ya ce masa, "Likita, ka bari rana ta yi sanyi mana." Ya ce yana son ya isa da haske.

A gangarar dawowa cinyoyinsa suka fara rawa. A ƙasa jijiyoyin sha-raɓarsa suka ɗaure har sau uku, ya zauna yana murzawa. Duk lokacin da kansa ya sara sai ya ƙara ruwa, tun da a saninsa rashin ruwa ne ya kayar da shi wancan karon. Ciwon kan ya ƙaru. Yatsunsa suka kumbura, agogo ya matse masa hannu, ya yi amai sau biyu, ruwa zalla. Ya isa gida da 7:20 na dare. A ƙiyasinsa ya sha fiye da lita 7 cikin yinin, ba tare da ko ƙwayar gishiri ta shiga bakinsa ba.

Washegari fitsarinsa ya fito kamar ruwan shayi ba madara, ga shi kaɗan. Aka kai shi wani babban asibiti. Gwajin jini ya nuna gishirin jininsa, wato sodiyam, ya sauka zuwa 129, alhali ƙa'ida tsakanin 135 ne da 145, kuma ƙoda ta ɗan taɓu. Likitan ya yi masa bayanin abu uku da suka haɗu. Gumi yana fita da gishiri, shi kuma ya yi ta mayar da ruwa tsantsa, jini ya tsarmu. Tsokar cinya da ba ta saba ba ta sha wuya a gangara da kaya mai nauyi, har wani sinadari nata ya zuba cikin jini ya canza launin fitsari. Diclofenac da danginsa irin su ibuprofen kuma suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, a ranar da ƙodar ta fi buƙatarsa. Ya kwana uku a asibiti. Kwana shida yana sallah a zaune saboda cinya.

Uwargidansa ta ce, "Malam, ka nemi a mayar da kai Kura." Bai nema ba, amma ya ce ya yi tunanin haka.

## Yuni da Yuli: neman hanyar da ba ƙafa ba

An gwada abu uku, babu wanda ya ɗore. Zagayen babur ya yiwu sau ɗaya a farkon Yuni, awa huɗu zuwa, awa huɗu da rabi dawowa, kuɗin mai daga aljihunsa, bayan sati biyu ruwa ya yanke hanyar. An aika wa matan unguwar su riƙa kawo yaran ranar kasuwa, uku suka zo a karon farko, ɗaya a na biyu. Lokacin noma ne, kuma mace mai jego da goyon sati shida ba za a ce ta ratsa wannan rami ba. An ari jaki don ya ɗauki kaya, ya sauka lafiya, da ya zo matsattsiyar gaɓar nan ya kafe, ba duka ba lallashi.

A nan ne mai unguwa ya ce, "Likita, da ɗan gari akan ci gari," ya haɗa shi da wani dattijo maharbi mai shekara wajen 60, wanda ya ce tun yana yaro yake bin remaye a wannan kwazazzabo. Mai unguwar ya kuma sharɗanta cewa duk fita a sanar da shi da 'yan sintiri, domin yankin Falgore ya sha fama da ɓarayin shanu, kuma baƙon da ya ɓace a daji ba wanda zai san inda zai fara nema.

## Agusta: ranar da ba a sauka ba

Sun isa bakin kwazazzabo da 7:15 na safe. Sama a kansu tas take. Dattijon ya tsaya ya daɗe yana duban kudu, inda wani baƙin hadari ya kwanta a kan duwatsu can nesa, ya saurara, sannan ya nemi dutse ya zauna.

"Baba, mu tafi mana, ga gari garau."

"Ruwan da zai ci mutum a ramin nan ba a kansa yake zuba ba, Likita. Zauna."

Ma'aikacin ya ce ransa ya ɓaci, domin ya kwana yana shirin akwati, ga yara suna jiran allura ta biyu. Ya zauna ne kawai don bai san yadda zai tafi ya bar dattijo ba. Wajen 8:40 suka fara jin wani ruri kamar na tirela a nesa. Daga inda suke suna hango wani ɓangare na ƙoramar: ruwan da yake fari-fari iya idon sawu ya koma ja, ɗauke da karmami da rassa, cikin 'yan mintoci ya rufe duwatsun da ake takawa, ya fara jan kututture. Da sun sauka da 7:15, da wannan lokacin suna tsakanin tsallake na biyu da na uku, inda bango ya fi matsewa. Ko ɗigo bai sauka a kansu ba duk yinin.

Wannan ba halin kwazazzabon Doguwa kaɗai ba ne. A ranar 12 ga Agusta 1997, ambaliya ta kashe masu yawon buɗe ido 11 a wani siririn kwazazzabo da ake kira Antelope a jihar Arizona ta Amurka, kuma ruwan saman da ya jawo ta can nesa ya zuba. Dutse ba ya shan ruwa, duk abin da ya sauka a kan tudu yana taruwa ne ya bi ta rami ɗaya.

Aka yanke shawarar dakatar da ratsa kwazazzabon har damina ta ɗauke.

## Satumba zuwa Nuwamba: shiri

Wata ukun nan su ne ba su da labari mai daɗin ji, amma a cikinsu aka sauya kusan komai.

Akwai wani dutse a bayan asibitin mai tsayin mita 60 ko 70. Ya fara hawansa sau uku a mako bayan sallar asuba. Sati biyu na farko hannu rabbana, hawa ɗaya. Daga nan ya goya jaka mai kilo 3, yana ƙara kilo ɗaya duk sati biyu, har ta kai 8, hawan kuma ya kai sau huɗu a jere. Likitan da ya duba shi ya ja masa kunne a kan saukowa: a gangara tsokar cinya tana aikin birki ne, tana miƙewa alhali tana riƙe da nauyi, kuma irin wannan aikin ne yake kawo ciwon da yake tsananta bayan kwana ɗaya zuwa uku. Maganinsa a saba mata da kaɗan-kaɗan. Don haka yake saukowa da gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, ba gudu. Daga tsakiyar Oktoba ya mayar da fita ɗaya a mako zuwa hantsi, don jiki ya saba da aiki cikin zafi. A ƙarshen Nuwamba nauyinsa ya koma kilo 80.

Dattijon ya gyara abin da ya shafi kaya. Ya ce akwati a kafaɗa ɗaya yana jan mutum gefe, a kan falalen dutse kuma gefe shi ne rami. Aka samo jakar goyo da akwatin zai zauna a ciki, aka kai wa tela ya ƙara mata ɗamara a ƙugu. Babbar rajista ta zauna a asibiti, aka koma ɗaukar 'yan takardu a leda. Ɗan dattijon ya karɓi ruwa da kwalin allurai, ana ba shi ɗan abin goro. Kayan ma'aikacin suka sauko zuwa kilo 7. Aka sare masa sandar gora daidai kafaɗarsa. Kambas ɗin Mayu ya zauna, tun da ya riga ya saba da ƙafa, aka ƙara safa biyu da yanke farce kwana biyu kafin tafiya. Dattijon ya kafa masa doka guda: kada ya cusa hannu a kogon dutse ko ya taka inda bai gani ba, saboda kububuwa da kasa, kuma in ya ji ƙugin zuma a tsaga ya wuce shiru.

Ruwa aka tsayar lita 3 a kowace tafiya ɗaya, ɗaya daga ciki ruwan gishiri da sukari, irin wanda shi kansa yake koya wa iyaye mata don gudawa: lita ɗaya ta ruwa, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ya ce abin ya ba shi kunya, shekara 18 yana wa'azin wannan haɗi bai taɓa kawo wa ransa cewa shi ma zai buƙace shi ba. Guzuri ƙuli-ƙuli da dabino da gyaɗa mai gishiri. Maganin ciwon jiki kafin tafiya an soke shi. Ƙanƙara kuma aka daina jiranta da safe, ana shirya ta tun dare, a fito da ita ta ɗan saki kafin a jera allurai, domin penta ba ta son daskarewa kamar yadda ba ta son zafi, tsakanin digiri 2 da 8 ake son ta.

Sai maganar lokaci, wadda dattijon ya zana masa a ƙasa da tsinke. Kwazazzabon kudu da arewa yake. Bangon da ake hawa a tafi unguwar yana kallon yamma, saboda haka da safe yana cikin inuwa har hantsi ya ɗaga. Bangon da ake hawa a dawo gida yana kallon gabas, inuwa tana rufe shi bayan la'asar. Wanda ya fita da asuba ya dawo da yamma, duka hawa biyun a inuwa zai yi su. A Afrilu da Mayu ma'aikacin ya hau bangon unguwar da rana a ka, a Mayu kuma ya sauko ta kansa da 2:30, lokacin da rana take dukansa kai tsaye. "Mu inuwa muke bi," in ji dattijon. "Ka taɓa ganin matar unguwar nan a ramin da azahar?"

Aka kuma sa iyaka: in 8:30 ta yi ba su kai tsamiya ba, a juya.

## Disamba zuwa Afrilu: sakamako

Ranar farko a Disamba sun tashi da 5:50 da tocila, cikin sanyin hunturu. Gari ya waye musu a bakin gangara. Saukar ta ɗauki minti 65, wato minti 20 fiye da ta Afrilu, da gangan. A hawa dattijon ya shiga gaba da wani taku da ma'aikacin ya ce da farko har haushi yake ba shi don sanyinsa, ya kuma yi ta jansa da hira. Daga baya ya gane gwaji ne: in ya kasa amsa magana ba tare da haki ba, sai dattijon ya rage sauri. Hutu minti biyar duk rabin awa, a ci wani abu a kowane hutu na biyu. Sun kai tsamiya da 8:10, unguwa da 9:05. Awa uku da kwata.

An yi wa yara 19 rigakafi kafin azahar. Ya ci tuwon dawa da miyar kuka a gidan Ardo, ya kwanta a inuwa. Sun kamo hanya da 3:15, suka yi la'asar a ƙasan kwazazzabo, suka fito bakinsa da sauran haske, suka shiga gari da magariba. Bugun jininsa a ƙarshen hawa 118, ya sauko 92 bayan minti biyar. Fitsari fari-fari. Cinya ta yi tsami kwana ɗaya.

Janairu da Fabrairu haka aka maimaita, lokacin zuwa ya sauko awa uku cif. A Maris sau ɗaya aka yi amfani da dokar juyawa, ranar da ɗan dattijon ya gurɗe a gangara, aka koma bayan kwana huɗu.

Afrilu ce gwajin gaskiya, domin ana iya cewa sanyin hunturu ne ya yi aikin. An matso da tashi zuwa 5:20, aka ƙara lita ɗaya ta ruwan gishiri da sukari, aka kuma fasa dawowa a yini ɗaya: ya kwana a unguwar, ya dawo da asubar washegari, ya hau bangon gida kafin rana ta yi ƙarfi. Ya je ya dawo ba jiri, ba ciwon kai. Zuwa ƙarshen watan, yara 14 sun kammala penta uku, 9 sun karɓi ta ƙyanda.

## Hukunci

Dalilin da ya rubuta bayan faɗuwar farko, ƙarancin ruwa, gaskiya ne amma guntuwa ce, kuma riƙe ta shi kaɗai ne ya kai shi gadon asibiti a Mayu. Ya gyara abu ɗaya fiye da kima, ya ƙara wa kansa kilo 4, ya bar lokacin tafiya da rashin abinci da rashin sabo yadda suke, ya ɗora magani mai taɓa ƙoda a kai. A ganina wannan ne kuskure mafi haɗari a duk lamarin, kuma irin na mai ilimi ne: ya yi wa kansa gwaji ɗaya, ya yanke hukunci, bai sake dubawa ba.

Kwazazzabo yana ruɗin mutumin fili ta hanyar da dutse ba ya yi. Mai hawan dutse yana farawa da wahala, in ya gaji ya juya gangara ta kai shi gida. Mai shiga kwazazzabo da sauƙi yake farawa, kuma duk inda ya juya hawa ne a gabansa. Hukumar da ke kula da Grand Canyon a Amurka tana gaya wa masu shiga su ware wa fitowa ninki biyu na lokacin sauka, tana kuma gargaɗin kada a sauka har kogi a dawo a yini ɗaya. Ramin Doguwa bai kama ƙafar wancan a zurfi ba, amma minti 45 na gangarar Afrilu su suka sa ma'aikacin ya ɗauka ya ci rabin tafiya.

In za a jera gyare-gyaren bisa nauyinsu, lokaci ne a gaba, domin shi ya cire zafin da ya haddasa faɗuwar farko da yawan shan ruwan da ya haddasa ta biyu, kuma bai ci ko kwabo ba. Rage kaya daga kilo 17 zuwa 7 da horon gangara suna biye. Ba za a iya raba tasirin kowanne daki-daki ba tun da tare aka yi su, sai dai tafiyar Afrilu ta nuna ba hunturu ne kaɗai ya taimaka ba. Ilimin inuwa da na ambaliya kuwa yana nan a ƙauyen tun kafin a kawo ma'aikacin, wata biyar ya yi bai tambaya ba, su ma ba su ga dalilin koya wa likita tafiya ba.

Abin da bai warware ba shi ne damina. Daga Yuli zuwa Satumba ba a ratsa kwazazzabon da akwati, hanyar babur ma a yanke take, don haka jaririn da aka haifa a unguwar a watan Yuni zai kai wata huɗu kafin ya ga allurarsa ta sati shida. Ma'aikacin ya rubuta takarda yana neman a horar da mutum ɗaya daga unguwar, a kuma ba su ƙaramin firji mai aiki da hasken rana. Har lokacin haɗa wannan nazari takardar tana jiran amsa, dattijon kuma ya fara korafin gwiwa, ya ce daga bana ɗansa ne zai riƙa shiga gaba.